Jakin Dawa da Hular Yaya Mamuda

Abba, wannan babin naka ne, ko da yake na san sauran 'yan'uwanka ma za su karanta. Na daɗe ina kewaye shi kamar mai fararen kaya a bakin kwata. Na rubuta shigata kasuwa, na rubuta aurena, na rubuta har faɗan da na yi da maƙwabci a kan indararo, yanzu ba sauran inda zan ɓuya. Magana ce a kan hoton nan da ke rataye a falonka, wanda ka kai aka ƙara masa girma aka sa masa gilashi, wanda 'ya'yanka suke nuna wa baƙi suna cewa ga kakansu a Chana yana kallon jakin dawa. Ni na ɗauki hoton da hannuna. Mutumin da ya juya baya a ciki, mai baƙar jaket da hula, ba mahaifinka ba ne. Ka zauna ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci, in ka gama duk abin da ka ce da ni na ɗauka.

Mahaifinka, Yaya Mamuda, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya kai ni kasuwar Kwari, shi ya koya mini auna yadi daga hanci zuwa kan yatsa, shi ya koya mini in murza ƙyalle a tafin hannu in san ko zai zuba. Halinmu bai zo ɗaya ba ko kaɗan. Ni surutu, gaggawa, da son a ce ni na fara. Shi kuwa sai ya wuni a shago bai yi magana ashirin ba. Abubuwa biyu kowa ya san shi da su. Na farko, ba ya roƙon abu sau biyu, ko ruwan sha ne. In ya ce a miƙo masa buta aka yi kamar ba a ji ba, tashi zai yi ya ɗauko, kuma ba za ka ga komai a fuskarsa ba. Na biyu, ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto. Ba wa'azi yake yi a kai ba, bai taɓa hana wani ba. Cewa kawai yake yi shi ba ragon layya ba ne da za a tsayar da shi ana ƙare masa kallo. Ranar ɗaurin aurensa da mahaifiyarka, Yaya Rabi, mai hoto ya zo har ƙofar gida, ango ya sulale ta baya ya tafi masallaci. In ka cire na fasfo da na lasin tuƙi, waɗanda dole ta sa, babu hotonsa ko ɗaya a duniya.

A ƙarshen shekarun casa'in muka fara zuwa Guangzhou, lokacin baƙaƙen fata a garin ba su fi a ƙirga da yatsu ba. In ka hango ɗan'uwanka baƙi a tsallaken titi, sai ka tsallaka ka yi masa sallama, ko da ba ka san daga ina ya fito ba. Mai masaukinmu Alhaji Issaka ne, mutumin zangon Kumasi, wanda aikinsa loda wa 'yan kasuwa kaya a kwantena. Yana da ɗaki biyu a hawa na shida a wajen unguwar Sanyuanli, da tukunyar lantarki guda wadda take dafa shinkafa da wake safe da yamma. Hausarsa irin ta zango ce, na sha tsokanarsa a kanta, shi kuma ya ce mu Kanawa mun cika lanƙwasa harshe a kan abin da bai kai ya kawo ba. Tsayinsu ɗaya da Yaya, faɗin kafaɗarsu ɗaya, kuma jininsu ya haɗu tun ranar farko. A tafiyar da nake ba ka labari, mahaifiyarka ta ɗinka huluna biyu iri ɗaya sak, zare ruwan ƙasa da fari, ɗaya ta mijinta, ɗaya tsarabar mai masauki. Kowa a unguwarmu ya san ɗinkin hularta. Bayan ƙaramar salla ne, garin da wani irin sanyi mai laima wanda yake shiga har ƙashi, sai su biyun suka sayi baƙar jaket iri ɗaya a kasuwar Baima. Na ce da su saura a sa musu lamba kamar kwalin kaya, don a san na wane ne wane.

Ni ne mai kyamara a tafiyar, kuma ba don yawon buɗe ido aka saye ta ba. A lokacin babu wayar da za ka ɗauki abu ka tura. In ka shiga shagon loban, wato mai shago, ka ga yadin da ya yi maka, ka ce ya yanko maka samfur, sau da yawa hannu zai kaɗa maka ya ce meyo, babu. To sai ka shimfiɗa yadin a kan tebur ka ɗauka. In mun koma Kano a wanke, mu baza hotunan a shago, masu sari su zaɓa. Fim guda hoto talatin da shida yake ci, kuma ina lura da ƙaramar lambar da ke saman kyamarar kamar yadda direba yake lura da man motarsa. Amma akwai wani abu da nake dafawa a raina wanda ban gaya wa Yaya ba. Na gaji da ɗaukar zanen wasu. Ina son in kai wa masu masaƙa zane nawa na kaina, a buga shi, a ce a Kwari wannan na Habu ne, ba na ƙanin Alhaji Mamuda ba. Shekarata talatin da uku, kuma har lokacin da ƙanin wane ake kirana. Abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa.

Ana gobe za mu taso, kaya sun shiga kwantena, ba sauran aiki. Muna karin safe Alhaji Issaka ya ce an buɗe wani ƙaton gandun namun daji a kudancin gari, inda dabbobi suke yawo a sake, mutane ne ake zubawa a mota.

"Mu je ku gani," in ji shi. "Kullum kasuwa, kullum kasuwa. In kun koma gida aka ce me kuka gani a Chana, sai ku ce kwali?"

Yaya ya yi murmushi ya ce, "Wato mu taso daga ƙasar dabbobin, mu zo nan mu biya a nuna mana su."

"To kai ka taɓa ganin jakin dawa, Alhaji?"

"A littafin Habu na firamare dai."

Na yi mamaki da ya tashi ya ɗauki hularsa ba tare da an ja shi ba. Na duba kyamara, saura hoto goma sha shida.

Tafiyar ta fi awa guda, mun tsallake kogi, mun wuce gonakin ayaba. A bakin ƙofa mutanen gari sun fi kallonmu a kan dabbobin. Wata mata ta zo da ɗanta tana nuni da hannu, tana so a ɗauke su tare da Yaya, ya ɗaga mata hannu ya ce shiye-shiye, wato na gode, ya matsa gefe. Aka zuba mu a wata mota mai jan taragu, marar gilashi, tana tafiya a hankali. Mun ga raƙumin dawa, mun ga ɓauna, mun ga jimina, ban ɗaga kyamara ba. Sai muka sha wata kwana, ga su nan a wani fili mai ciyawa, sun kai goma sha biyar. Abba, ban taɓa ganin zane irin wannan ba, kuma ni a cikin zane na tashi. A wuya layin a tsaye yake, in ya zo ciki sai ya fara karkata, a ɗuwawu ya kwanta ya yi faɗi, a ƙafa ya koma sirara kamar zobba. In biyu suka tsaya kusa da juna ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Nan take na ga mayafi, na ga yadin mata, na ga sunana a bakin 'yan Kwari.

Matsalar ita ce Yaya ne yake zaune a gefen da suke, ni ina tsakiya, motar kuma ba ta tsayawa. Na danƙa masa kyamarar na ce ya leƙa nan, ya danna nan, maza. Ya karɓe ta da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri. Ina kallo ya ɗora babban yatsansa a gefen gilashin, kafin in yi magana ya danna.

"Haba Yaya! Ka rufe idon da yatsa! Ka ɓata mini guda!"

Na fizge ta daga hannunsa a gaban Alhaji Issaka, a gaban mutanen da ba su jin harshenmu amma suna jin tsawa. Mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ya kai ni makaranta. Ya duba yatsan nasa, ya goge shi a jikin jaket, ya mayar da ido kan dabbobin.

Can gaba akwai inda ake sauka a tsaya a bakin shingen katako, kuma wasu jakunan dawan suna kiwo dab da wurin. A nan na manta da kowa. Wanda bai taɓa ɗaukar jakin dawa ba zai zaci abu ne mai sauƙi, tunda dabba ce mai tsayawa wuri ɗaya. Ƙarya ne. Da ka saita shi sai ya juya maka baya. Ka zagaya, ya sunkuyar da kai. Ka jira ya ɗago, wani ya shigo tsakani. Ga rana tana leƙowa tana komawa cikin gajimare, kuma in ta koma farin sai ya dushe ya zama toka. Na durƙusa, na miƙe, na hau ƙafar shingen har wani ma'aikaci ya busa mini usur. Na lura babu biyun da zanensu ya zo ɗaya, sai kwaɗayi ya kama ni, ina son wuyan wannan, ina son cinyar wancan. Akwai wata goɗiya mai ɗa a gindinta, layin ɗan bai gama baƙi ba, ja-ja ne kamar lalle, na kashe hoto uku a kansa. A wani ɗaukar ma Alhaji Issaka ya jingina da shingen ya shigo mini ciki, bayansa da hularsa suka cinye kusan rabin hoton. Na yi tsaki a ciki, amma shi ban iya yi masa tsawa ba, tunda ba yayana ba ne.

Saura uku na ji an taɓa mini kafaɗa. Yaya ne. Ya gyara zaman hularsa, ya ɓalle jaket ɗin don a ga kaftaninsa, har ya kakkaɓe gaban rigar.

"Habu, in da saura, ka ɗauke ni guda a nan."

Na sauke kyamarar na dube shi. "Kai, Yaya?"

Ya kawar da kai, kunya ta kama shi kamar saurayi. "Mutuniyar ce ta ce in kawo mata. Wai don a ajiye."

Ka san shekara tara suka yi da aure ba haihuwa, kuma a lokacin mahaifiyarka tana ɗauke da cikinka wata huɗu ko biyar. Na san da wannan. Na ji abin da ya faɗa sarai, ba zan ce ban gane ba. Amma daidai lokacin rana ta fito tar, babban namijin garken ya tako har bakin shinge ya ba ni gefensa gaba ɗaya, abin da na shafe rabin awa ina jira.

"To Yaya, tsaya nan, bari in gama da wannan."

Na danna. Ya ɗan juya wuya, na sake dannawa. Na ce a raina ai akwai guda. Sai ya ɗaga kai ya dube ni ido cikin ido, layukan goshinsa suka haɗu kamar an zana da alƙalami, kafin in yi tunani yatsana ya riga ni. Kyamarar ta yi ƙara, ta fara naɗe fim ɗin da kanta. Na juyo, Yaya yana tsaye inda na ce ya tsaya, hannayensa a gefe, ya miƙe ƙirji, yana jira.

"Ya ƙare ne?"

"Ya ƙare. Amma akwai masu sayar da fim a bakin ƙofa, yanzu sai in je in dawo."

Ya mayar da maɓallan jaket ɗinsa ɗaya bayan ɗaya. "Bar shi. La'asar tana wucewa, mu nemi wurin salla."

Alhaji Issaka ya ce ai ba nisa, a bari in je. Yaya ya riga ya fara tafiya. Muka bi ta gaban rumfar masu fim ɗin, na rage sauri, bai waiwayo ba. Da na saya na tsayar da shi ko a bakin titi ne, da ya tsaya, na tabbata. Amma ni ma girman kai ya hana ni, don sayen fim ɗin kamar amsa laifi ne. Na ce a raina in mun dawo bayan babbar salla zan ɗauke shi fim guda cur.

Bayan wata biyu kwantena ta iso Legas, ya tafi fito da ita. A hanyar dawowa motar da ya shiga ta yi karo da tankar mai. Ka san wannan, ba sai na maimaita maka ba. Abin da ba ka sani ba shi ne jakarsa tana tare da shi, fasfo da lasin suna ciki, duk suka ƙone. Bayan sadakar bakwai na je wurin mai hoton da ya ɗauke shi na fasfo, ya buɗe mini wani kwali cike da fim da ɓeraye suka yi wa ɓarna, muka wuni muna ɗagawa a rana. Ba mu same shi ba.

Ana saura kwanaki a haife ka, mahaifiyarka ta aiko a kira ni. Tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, ta ce, "Habu, na ce ya kawo mini hoto daga Chana. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce suna wajenka ba a wanke ba. An wanke?"

Wato bai gaya mata ba. Ko a wannan ma rufa mini asiri ya yi. Na je na ɗauko ambulan ɗin, niyyata in ajiye a gabanta in faɗa mata gaskiya. Ta riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, yadi, yadi, jakin dawa, jakin dawa, sai hannunta ya tsaya. Ta kai hoton kusa da fuskarta.

"Ga shi nan. Ga hular da na ɗinka masa." Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Ka gan shi ko? Sai da ya san yadda ya yi ya juya baya."

Bakina a buɗe yake, Abba, maganar tana kan harshena. Na dubi cikinta, na dubi yadda ta riƙe hoton, na ce, "Haka ne, Yaya." Ban san ko ta manta hula biyu ta ɗinka ba, ko tunanin bai zo mata ba, ko kuwa ba ta son ya zo. Na daɗe ina gaya wa kaina tausayinta ne ya rufe mini baki. Akwai tausayi a ciki, amma tsoro ya fi yawa. Da na ce ba shi ba ne, tambayar da za ta biyo baya ita ce ina nasa, kuma ba ni da fuskar da zan ce mijinta ya tsaya a gabana yana jira, ni ina ɗaukar jaki.

Da na koma Guangzhou na gaya wa Alhaji Issaka. Ya ce, "Ni ba zan faɗa ba, amma kai ka ɗauko kaya mai nauyi." Daga ranar ban sake ganin hular a kansa ba. Zanen kuwa an buga shi, ya yi kasuwa salla guda, mata suka yi yayinsa, kafin shekara ta zagayo wasu sun kwaikwaya, aka manta. Ba wanda ya taɓa cewa na Habu ne. Kai kuma ka tashi a hannuna da sunan mahaifinka, muna kiranka Abba. Ina gani kana ɗan shekara huɗu kana hawa kujera kana yi wa hoton sallama. Ina gani ranar aurenka ka tsaya a gabansa kafin ka fita. Duk ranar da na shiga falonka nakan zauna inda zan ba shi baya, can nesa da fanka, kun sha tsokanata wai Baffa ba ya son fanka. Yaya Rabi ta rasu bara ban gaya mata ba, Alhaji Issaka ya riga ta da shekaru. Ni kaɗai na rage, kuma ba na son in tafi da shi.

Ban ce ka sauke hoton ba. Mutumin da ke ciki mutumin kirki ne, ya so mahaifinka, kuma hular ɗinkin mahaifiyarka ce. Amma ka je ɗakina, a ƙasan akwatin ƙarfe akwai tsohuwar ambulan mai rubutun Chana. Ka wuce hotunan yadi, ka wuce na jakunan dawa masu kyau, waɗannan ba su da wani amfani. Can ƙarshe akwai guda wanda ya karkace, jakunan sun yi dishi-dishi don motar tana tafiya. Sau biyu ina ɗaga shi zan jefar, Allah ya hana ni. Shi kaɗai ne hoton da mahaifinka ya taɓa ɗauka a rayuwarsa, abin da idonsa ya gani ke nan a wannan lokacin. A gefen dama daga sama za ka ga wani duhu ruwan ƙasa ya rufe kusurwar, ba shi da siffa, ba za ka ce ga abin da yake ba. Wannan ne na yi masa tsawa a kai. Babban yatsansa ne na dama, wanda ya koya mini murza yadi da shi. Iyakar abin da na kawo maka na mahaifinka ke nan, Abba. Ka yafe mini.